Darasin Halittun da ke Rayuwa a Jikin Wasu da Matsalar Keɓaɓɓun Kalmominsa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da ɗaliban kimiyyar halittu da na aikin likita da na likitancin dabbobi suke ɗauka a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan, akwai wanda ya keɓanta ga nazarin halittun da ba sa iya rayuwa sai a jikin wata halitta, suna ci daga gare ta, suna kuma cutar da ita. Da Ingilishi ake koyar da wannan darasi, sunayen halittun kuwa na Latin ne. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauke shi, musamman malaman asibiti da duba-gari da malaman dabbobi, da Hausa za su yi wa jama'a bayani in sun kama aiki. Ke nan ilimin da aka samu a harshe ɗaya, a wani harshen za a ci moriyarsa.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abin da darasin ya ƙunsa, sannan a auna shi da kalmomin da Hausa take da su. Za a nuna cewa Hausa ta wadata da sunayen abin da ido yake gani, wato ƙwaron da ya maƙale a fata, ko tsutsar da ta fito, ko alamar ciwo. Shi kuwa darasin, ƙashin bayansa shi ne tafiyar da halittar take yi daga wannan jiki zuwa wancan, wadda ido ba ya ganinta. A wannan giɓi ne aikin masana harshe yake.

2.0 Abin da Darasin Ya Ƙunsa

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne bambance ire-iren zaman da halitta biyu suke yi da juna. Zaki yakan kashe barewa nan take ya cinye. Balbela kuwa takan bi garken shanu tana tsintar ƙwarin da suka tayar, ba tare da ta rage su da komai ba. Zaman kaska da saniya ya sha bamban da waɗannan biyu. Kaska ta fi saniya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ta kuma kashe ta farat ɗaya, illa dai ta zauna a jikinta tana shan jini. Irin wannan zama na uku shi ne fagen darasin.

Daga nan sai a karkasa halittun gida uku. Gida na farko shi ne na masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita, kamar mai haddasa zazzaɓin cizon sauro da mai haddasa ciwon barci. Gida na biyu shi ne na tsutsotsi, su ma kashi uku: mulmulallu irin macijin ciki da kurkunu, da faffaɗa masu gaɓa-gaɓa irin tsila, da masu siffar ganye, waɗanda a danginsu ake saka tsutsar tsargiya. Gida na uku shi ne na ƙwari da makamantansu, waɗansu su ne cutar da kansu, waɗansu kuma ɗaukar ta suke yi su kai wa wani.

Akwai kuma aikin ɗakin gwaje-gwaje. A nan ɗalibi yake koyon shafa ɗigon jini a gilashi ya rina shi, da tace fitsari, da duba bayan gida, don ya gane halitta ta hanyar siffarta ko siffar ƙwanta. Alal misali, ƙwan tsutsar tsargiya mai zama kusa da mafitsara yana da tsini a ƙarshensa, alhali na 'yar uwarta mai zama kusa da hanji a gefe nasa tsinin yake. To amma duk wannan shimfiɗa ce. Tambayoyin da ake so ɗalibi ya iya amsawa game da kowace halitta huɗu ne: ta ina take shiga jiki, ina take balaga, ta ina 'ya'yanta suke fita, a ina kuma suke yada zango kafin su sami wani jikin. Amsar waɗannan ita ake kira zagayen rayuwa.

3.0 Abin da Hausa Ta Tanada

In an duba rumbun kalmomin Hausa, za a ga sunayen da suka shafi wannan fage sun kasu uku. Kashi na farko sunaye ne na halittun da ake gani a waje: kaska, ƙwarƙwata, ƙuma, kuɗin cizo, matsattsaku, sauro, ƙudan tsando. A nan Hausa ba ta da wata gazawa, kowace halitta da sunanta. Har a tsirrai ma haka abin yake, domin manomi ya san kauci a reshen itace, ya kuma san wuta-wuta ko ƙuduji da ke maƙale wa saiwar dawa da gero.

Kashi na biyu sunaye ne na tsutsotsin da ke ciki amma sukan fito a gan su, kamar tsila da macijin ciki da kurkunu. Kashi na uku kuwa sunaye ne na ciwo, ba tare da an ambaci halittar da ta kawo shi ba: tsargiya, tundurmi, ƙazwa, sammore, ciwon barci. A wannan kashi ne rabon da harshe ya yi yake saɓa wa rabon da darasi ya yi, ta fuska biyu.

Fuska ta farko, akan sami suna biyu a kan abu ɗaya. Tundurmi da wani nau'in gwaiwa tsutsa ɗaya ce take kawo su, ta hanyar toshe magudanan ruwan jiki, sauro ne kuma yake yaɗa ta, kamar yadda Patrick Manson ya gano a ƙasar Sin a 1877. Haka nan ciwon barci na mutane da sammore na shanu, halittun da ke kawo su 'yan gida ɗaya ne, ƙudan tsando ne kuma babban mai ɗaukarsu.

Fuska ta biyu, akan sami suna ɗaya a kan abubuwa da yawa. "Tsutsar ciki" takan haɗa macijin ciki da tsila da wata ƙaramar tsutsa mai ƙugiya da ke shan jini a hanji. Amma macijin ciki ƙwansa ake haɗiyewa a abinci ko hannun da ƙasa mai najasa ta taɓa, kuma macensa takan saka ƙwai wajen 200,000 a yini. Tsilar da aka fi sani a ƙasar Hausa daga naman shanun da bai dahu ba ake samun ta. Mai ƙugiya kuwa ta fatar ƙafa take kutsawa in an taka ƙasa ba takalmi. Hanyoyi uku ke nan, kowacce da irin gargaɗin da ya dace da ita. Malamin da ya ce wa mutane "tsutsar ciki" ya yi shiru, bai gaya musu abin da za su guje wa ba. Ita ma kalmar "ƙwayar cuta" irin wannan lulluɓi take yi, domin takan rufe halittu iri-iri waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne.

4.0 Misalai Uku na Zagayen Rayuwa

4.1 Kurkunu

Kalmar kurkunu tana nufin tsutsar, tana kuma nufin ciwon. Abin da mai ciwon ya sani shi ne bororo ya fito masa, galibi a ƙafa, da raɗaɗi kamar wuta, sannan farar tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Abin da darasi ya ƙara shi ne abin da ya faru kafin wannan rana. In mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, sai tsutsar ta amayar da dubban 'ya'ya cikin ruwan. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, da ƙyar ido yake ganin su, sai su haɗiye 'ya'yan, su kuma su ci gaba da girma a cikinsu kimanin mako biyu. Wanda ya sha ruwan ya haɗiye ƙwarin, tumbinsa zai narkar da su, 'ya'yan tsutsar su fito su huda hanji. A cikin jiki namiji da mace suke haɗuwa, namijin ya mutu, macen ta girma, ba za ta ɓulla ba sai bayan wata 10 zuwa 14. Wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, shi ya gano rawar da ƙwaron ruwan yake takawa wajen 1870.

Wannan tazara ta shekara guda ita ta sa da wuya mutum ya danganta ruwan da ya sha bara da tsutsar da ta fito masa bana. A ƙasashen Arewa da damina ciwon yake tsananta, lokacin da ake shan ruwan kududdufi, lokacin kuma da gona take buƙatar manomi. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Duk da haka, binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya ƙirga masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya, amma a Nuwamban 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Da bayani aka ci wannan yaƙi: a tace ruwa da ƙyalle, mai ciwo kada ya shiga tafki, a haƙa rijiyar burtsatse. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi fice a wannan aiki. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta masu ciwon miliyan 3.5 a 1986, a 2023 kuwa mutum 14 aka samu, 9 daga cikinsu a Chadi, inda tun 2012 aka lura karnuka ma suna ɗauke da tsutsar.

4.2 Tsargiya

Tsargiya suna ne na alama, wato jinin da ke biyo fitsari, musamman ga yara maza masu wanka a rafi. Theodor Bilharz ne ya ga tsutsar a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya warware zagayen rayuwarta a Masar a 1915. Ƙwan tsutsar yana fita a fitsari. In ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito kuma dole ya sami wani irin ƙaramin dodon-koɗi cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ya mutu. A jikin dodon-koɗin yake hayayyafa har wata guda ko fiye, sannan dubban 'ya'ya masu wutsiya su bazu cikin ruwa. Su ne suke huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa. Daga nan sai su bi jini, su balaga, namiji da mace su manne da juna, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda sukan shekara da shekaru suna saka ƙwai. Ƙwan ne yake yaga bangon mafitsara a kan hanyarsa ta fita, shi ne jinin da ake gani. Wanda ya maƙale bai fita ba shi yake jawo lalacewar ƙoda da ciwon daji na mafitsara bayan an girma.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne jumlar "ana samun ta daga ruwa" gaskiya ce a kan kurkunu, gaskiya ce kuma a kan tsargiya, amma mai sauraro zai fi ɗauka ruwan sha ake nufi. Kurkunu shan sa ake yi, tsargiya shigar ta ake yi. Tace ruwan sha ba zai kare yaron da ke ninƙaya a madatsar ruwa ba. Ƙwayar maganin da ake rabawa a makarantu tana kashe manyan tsutsotsin, amma ba ta hana a sake kamuwa gobe. Saboda haka aikatau ɗin da malami ya zaɓa, "sha" ko "shiga", shi ne rabin darasin.

4.3 Zazzaɓin Cizon Sauro

Wannan suna sabon gini ne in an kwatanta shi da zazzaɓi ko masassara, waɗanda zafin jiki da rawar ɗari kawai suke nunawa. Ya ma fi kalmar aro "maleriya" dacewa da ilimin yau, domin ita asalinta daga Italiyanci ne, ma'anarta kuma gurɓatacciyar iska, wadda a da ake zaton ita ce sanadi. Alphonse Laveran ya ga halittar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gan ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Wanda ya ƙirƙiri sunan Hausar ya cusa sakamakon binciken Ross cikin kalma uku, kuma sunan ya karɓu.

Duk da haka, rabin zagayen kawai sunan ya kama. Macen wani irin sauro da ake kira anofilis ita take zuba halittar cikin jini tare da yawunta. Halittar takan fara zuwa hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba. Sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta riƙa fasa su, ga nau'in da ya fi yawa a Nijeriya kusan duk bayan sa'a 48. Wannan fashewa ita take kawo zazzaɓi da ƙarancin jini. Waɗansu daga cikin halittun sukan rikiɗe su zama maza da mata, amma ba sa haɗuwa a jikin mutum, sai in wani sauron ya zuƙe su. A cikin sauro ake barbara, bayan kwana 10 zuwa mako biyu kuma 'ya'yan su isa yawunsa. Ashe ke nan sauro ba a ƙyanƙyashe shi da cutar, daga jikin wani mutum yake ɗauko ta. Wannan ne ya sa yi wa mai zazzaɓi magani da wuri da sa shi a gidan sauro kariya ce ga maƙwabcinsa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke, a Disamban 2024 kuma aka fara yi wa yara allurar rigakafinsa a jihohin Kebbi da Bayelsa.

5.0 Shawarar Keɓaɓɓun Kalmomi

Daga misalan da suka gabata za a ga cewa abin da Hausa take buƙata shi ne kalmomin matsayi, waɗanda za su nuna rawar da kowace halitta take takawa a cikin zagayen. Hanyoyin samar da su sanannu ne, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana, kamar yadda aka bi wajen tsara kalmomin nazarin harshe a littafin Maganar Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ga shawarwari biyar.

(a) Ita kanta halittar. An saba jin "ci-ma-zaune", amma wannan harɗaɗɗen suna zargi ne da ake yi wa mutum malalaci, bai kuma ƙunshi ma'anar zama a jiki ba. Kirarin kaska, wato "raɓi mai jini", ya fi kusa da abin da ake nufi. In an yi wa aikatau "raɓa" ɗafa-goshin ma- na mai aikatawa, za a sami maraɓi, maraɓiya, maraɓa. Daga nan sai a ce maraɓin ciki da maraɓin waje, darasin kuma ya zama ilimin maraɓa. Illarsa ɗaya ce: in an rubuta jam'in ba lanƙwasa, zai rikice da "maraba".

(b) Jikin da maraɓi yake balaga ya yi barbara: masauki.

(c) Jikin da yake wucewa ta cikinsa yana ƙarami: zango. Bahaushe ya san bambancin zango da masauki tun zamanin fatake, saboda haka kalmomin ba sa buƙatar dogon sharhi. Dodon-koɗi zangon tsargiya ne, ƙwaron tafki zangon kurkunu, saniya zangon tsila. A zazzaɓin cizon sauro kuwa, bisa ƙa'idar darasin, mutum ne zango, sauro ne masauki.

(d) Ƙwaron da ke ɗaukar maraɓi ya kai shi da kansa: ɗan dako. Sauro da ƙudan tsando 'yan dako ne. Dodon-koɗi ba ɗan dako ba ne, tun da ba ya cizon kowa.

(e) Dabbar da maraɓi yake laɓewa a jikinta ko da an kawar da shi daga mutane: maɓoya, kamar karnukan Chadi.

Akwai kuma abin da ya kamata a kiyaye, wato fassarar kalma da kalma. Ƙwaron da ke zama zangon kurkunu, in an bi sunansa na Ingilishi, "ƙumar ruwa" za a ce. Ƙuma kuwa cizo take yi, don haka mai sauraro zai ɗauka cizon sa ake yi a ruwa, alhali haɗiye ƙwaron ake yi. "Ƙwaron tafki" bai yi wannan ɓatarwa ba. Sunayen Latin kuma a bar su yadda suke a rubutun masana, domin da su ɗalibin Sakkwato da na Ibadan da na Yamai za su tabbatar halitta ɗaya suke nufi.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda an bayyana cewa darasin halittun da ke rayuwa a jikin wasu ya ginu ne a kan zagayen rayuwa, an kuma nuna cewa sunayen Hausa na gargajiya sun fi kama abin da ya fito fili. Sanin suna kawai hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Labarin kurkunu ya tabbatar da cewa in jama'a suka fahimci ta ina cuta take shiga da inda take yada zango, suna iya datse ta ko babu magani. Kalmomin da aka kawo shawara ce, ba za su zauna ba sai malaman kimiyya sun gwada su a aji, ma'aikatan lafiya kuma sun gwada su a ƙauye. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya da na kimiyyar halittu su zauna tare a kan wannan aiki, su kuma duba yadda Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci suka raɗa wa waɗannan halittu suna, domin mai yiwuwa giɓin da aka gani a Hausa a same shi a can ma.